Allurar ƙwayoyin garkuwa ga ciwon dajin ƙoda: kada a sayar da gona saboda ita

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp na Sakkwato, wani lokaci haɗe da bidiyon wani asibiti mai ƙyalli na ƙasar waje. Mai maganar yana cewa an samo wa masu ciwon dajin ƙoda mafita, ko da ciwon ya bazu: za a ɗebi jininka, a horar da ƙwayoyin garkuwar jikinka a ɗakin gwaji, a mayar maka da su ta allura, su bi dajin su cinye. Ba kimo, ba zubewar gashi, ba wahala. A ƙarshe sai lambar waya, da alkawarin biza da masauki da tafinta.

Da ƙarya ce tsagwaronta da an huta, don tona ta ba wuya. Abin haushin shi ne rabin maganar gaskiya ce, kuma da wannan rabin ake tallata ɗaya rabin.

Ga matsayina tun da wuri. Har yau ba a tabbatar da wata allurar ƙwayoyin garkuwa da ke ƙara wa mai ciwon dajin ƙoda da ya bazu tsawon rai ba. An gwada, ba sau ɗaya ba, a kan ɗaruruwan majiyyata, ta faɗi. Wanda ya karɓi kuɗin magidanci ya yi masa ita da sunan tabbataccen magani ya ci amanarsa. Dangin da ke shirin sayar da fadama ko kora shanu Kasuwar Kara saboda ita su dakata. Wuri ɗaya ne ya dace a karɓe ta: cikin gwajin bincike mai rajista, inda majiyyaci ba ya biyan ko kwabo na kuɗin allurar.

Yadda ake haɗa ta

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu masu fitar da rassa, ana kiransu dendiritik. Ba su ke kisa ba. Aikinsu irin na wanda ya yage hannun rigar ɓarawo ne ya ruga da shi wurin 'yan banga. Suna tsintar guntun abin da ba na jiki ba, su kai shi kaluluwa, irin wadda ke tasowa a hammata ko matsematsi idan an ji ciwo a hannu ko ƙafa, su nuna wa ƙwayoyin T. Su kuma waɗannan su bazama neman duk mai wannan alama su kashe.

Ralph Steinman ne ya gano su a 1973 a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka. An sanar da ba shi kyautar Nobel a 2011, kwana uku bayan rasuwarsa. Ciwon daji ne ajalinsa, kuma shi kansa an gwada masa irin waɗannan allurai. Saboda haka ilimin na gaske ne, ba na 'yan tsibbu ba.

Ana ɗora majiyyaci a kan na'urar tace jini tsawon awa uku zuwa huɗu. Jini ya fita ta wannan hannu, na'ura ta tsame fararen ƙwayoyin, saura ya koma ta ɗaya hannun. A ware waɗanda ake kira monosait, a rene su kwana biyar zuwa bakwai cikin ruwan da aka sa wa sinadarai biyu, GM-CSF da IL-4, har su rikiɗe su zama dendiritik. Daga nan a ɗura musu alamar dajin: ko naman ƙarin da aka narkar, ko RNA, wato kwafin saƙon ƙwayoyin halitta, da aka tatso daga gare shi, ko guntayen furotin da aka haɗa a masana'anta. Sai a ƙara kwana ɗaya ko biyu da wasu sinadaran don su ƙosa. Wannan matakin ba na wasa ba ne. Ƙwayar da ba ta ƙosa ba tana iya yin akasin abin da ake so, ta koya wa garkuwar jiki ta ƙyale dajin.

Kafin a yi wa mutum, dole a gwada ko wata ƙwayar cuta ta shiga ruwan renon, a duba alamomin ƙosawa irin su CD83 da CD86, sannan a daskarar a tankin naitirojin mai sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Kowace allura tana ɗauke da ƙwayoyi wajen miliyan goma, ana tsira ta cikin fata kusa da hammata. Da aka yi musu alama aka bi sawunsu, an ga waɗanda ke isa kaluluwar ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. Sauran a inda aka tsira su suke mutuwa.

Ga wani abu da dillalan ba sa faɗa. Idan da naman dajin majiyyaci za a haɗa allurar, ana bukatarsa ɗanye, a daskarar da shi ko a tsoma shi cikin ruwan adana RNA jim kaɗan da cire shi. Mu kuwa a asibitocinmu, da an ciro ƙoda sai cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, a kai ɗakin duba nama. Haka ya kamata don a gane irin ciwon, amma fomalin yana farfasa RNA, yana daskarar da furotin. Mutumin da aka cire wa ƙoda wata shida da suka wuce, ya tashi ya tafi ƙasar waje hannu rabbana, da me za a ɗura wa ƙwayoyinsa? Wanda bai tambaye ka naman ba, kai ka tambaye shi abin da zai sa a madadinsa.

An gwada, ga abin da ya fito

Gwaji mafi girma na allurar dendiritik a ciwon dajin ƙoda shi ne ADAPT, na kamfanin Argos da ke Amurka. Sunan allurar rocapuldencel-T. Ba aikin ha'inci aka yi ba: an cire ƙodar, an tatsi RNA daga naman kowane majiyyaci, an haɗa wa kowa tasa. Tun farko an gwada ta a kan mutum 21 tare da sunitinib, maganin dajin ƙoda da ake haɗiya, aka ga rabinsu sun haura wata 30 a raye, abin da ya zarce tsammani ga masu irin halinsu. Murna ta kaure.

Sai aka yi gwajin gaskiya. Majiyyata 462, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: kashi biyu cikin uku aka ba su allurar haɗe da maganin da aka saba, sauran aka ba su maganin kaɗai. Tsaka-tsakin rayuwar waɗanda suka sha allurar, wato lokacin da rabinsu suka rasu rabi na raye, wata 27.7 ne. Na waɗanda ba a yi wa ba wata 32.4. A Fabrairun 2017 kwamitin sa ido mai zaman kansa ya ce ci gaba ba shi da amfani. Kamfanin ya ɗan ja, ya rufe gwajin a 2018, kafin ƙarshen shekarar ya karye.

'Yan uwanta ma haka suka ƙare. IMA901 ta Jamus, wadda ke ɗauke da guntayen furotin goma, an gwada ta a kan mutum 339 tare da sunitinib, ba ta ƙara komai ba. TroVax ta Ingila, mutum 733: wata 20.1 ga waɗanda aka yi wa, wata 19.2 ga waɗanda ba a yi wa ba, bambancin da bai wuce na dace ba. Oncophage, wadda ake yi bayan an cire ƙoda don hana ciwon dawowa, an gwada ta a kan sama da mutum 700, ba ta hana ba. Duk da haka Rasha ta ba ta lasisi a 2008, Tarayyar Turai kuwa ta ƙi. Wannan ya isa ya nuna cewa takardar amincewar wata ƙasa da za a ɗaga maka a ofis ba ita ce hujjar magani na aiki ba. A Jafan ma, dokar da ta fara aiki a 2014 ta ba asibitocin kuɗi damar yin maganin ƙwayoyin jiki bayan wani kwamiti ya duba tsarinsu, ba tare da sun kawo babban gwajin da ya nuna amfaninsa ba.

Dalilin faɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Dajin ƙoda yana fitar da sinadarin VEGF da yawa, wanda ke gina masa jijiyoyin jini, kuma yana hana ƙwayoyin dendiritik ƙosawa. Yana tara wasu ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne kwantar da 'yan uwansu. Yana ɗora wa kansa alamar PD-L1, wadda idan ƙwayar T ta taɓa ta sai jikinta ya mutu. Wato ko an horar da ƙwayoyin T da kyau, suna isa bakin ƙarin sai a kashe musu gwiwa.

Sannan ƙarin ba abu guda ba ne. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2012, ya yanki sassa daban-daban na ƙarin ƙoda ɗaya, da waɗanda suka tsiro a wasu gaɓoɓi, ya tarar kusan kashi biyu cikin uku na sauye-sauyen ƙwayoyin halittar ba a kowane sashe suke ba. Allurar da aka haɗa da yanki ɗaya daga ƙoda tana iya rashin sanin wanda ke zaune a huhu.

"Ai Amurka ta amince da ita"

Ta amince da wata, amma ba don ƙoda ba. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta ba Provenge lasisi don ciwon dajin furostet na maza. A gwajinta na mutum 512, ta ƙara wajen wata huɗu: 25.8 da 21.7. Farashinta a lokacin dala 93,000. Ko hukumar Amurka ko ta Turai, babu wadda ta amince da allurar dendiritik don ƙoda. Ciwon daji ba cuta ɗaya ba ce, abin da ya ci wannan ba lallai ya taɓa wancan ba.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan wayo. Magungunan da suka sauya labarin ciwon dajin ƙoda a shekarun nan su ma na garkuwar jiki ne: nivolumab, ipilimumab, pembrolizumab. Su ne suka jawo wa James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Amma ba allurar ƙwayoyi ba ne. Ba a ɗibar jinin kowa. Magani ne a kwalba, ana ƙara shi ta jijiya, aikinsa ya cire takunkumin nan da daji ke sa wa ƙwayoyin T. Mai talla sai ya ɗauko nasarar waɗannan ya jingina wa hajarsa, tunda duka ana ce musu maganin garkuwa. A nemi sunan abin da za a yi a rubuce, baƙaƙe da baƙaƙe.

"Amma an nuna mana wanda ya warke"

Zai yiwu ya warke. Tambayar ita ce me ya warkar da shi.

Mafi yawan wuraren nan ba allurar kaɗai suke yi ba, suna haɗawa da sunitinib ko ɗaya daga cikin magungunan da na ambata. Idan ƙarin ya motse, allurar ce za ta sha yabo. Na biyu, dajin ƙoda yana da wata ɗabi'a tasa: a wasu mutane yana tafiyar hawainiya, shekara da shekaru bai motsa ba ko ba magani, a wasu 'yan kaɗan ma, wajen ɗaya cikin ɗari ko ƙasa, abin da ya bazu a huhu yakan janye da kansa, musamman bayan an cire ƙodar. Na uku, wanda ya rasu ba a ɗaukar bidiyonsa.

Manyan masana ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A 2000 wata fitacciyar mujallar likitanci ta buga aikin wasu likitoci na Jami'ar Gottingen da ke Jamus: majiyyata 17, aka haɗe ƙwayoyin dajinsu da na dendiritik, huɗu ciwon ya ɓace gaba ɗaya. Duniya ta ɗauka. A 2003 aka janye rahoton bayan bincike ya gano kurakurai da sakaci a cikinsa. Idan mujallar da ke da masu tantancewa ta ruɗu da mutum 17, ina ga mu da bidiyon minti biyu?

Idan aka tattara ƙananan gwaje-gwajen allurar dendiritik a ƙoda, waɗanda ƙarinsu ya ragu a zahiri ba su wuce kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari ba, kuma yawancinsu ba a kwatanta su da kowa ba.

"Tunda ba ta da illa, me za a rasa?"

Nan ne masu wannan ra'ayi suka fi ƙarfi, kuma gaskiyarsu ce ta wani ɓangaren. Illarta ba ta wuce zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kasala, da kumburi ko ja a wurin allura. Ba za a haɗa ta da sunitinib ba wajen wahalarwa.

Abin da ake rasawa lokaci ne da kuɗi. Daga neman fasfo da biza, zuwa tace jini, zuwa reno da gwaji, zuwa allurar farko, zuwa makonnin da garkuwa ke ɗauka kafin ta amsa in ma za ta amsa, watanni ne. Likitoci suna auna haɗarin mai dajin ƙoda da abubuwa shida: ƙarancin jini, yawan kalsiyam, yawan fararen ƙwayoyin nutirofil, yawan ƙwayoyin daskarar da jini, kasa yin hidimar kai, da bukatar magani kafin a cika shekara da gano ciwon. Wanda ya haɗa uku ko fiye, wata uku a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Kuma majiyyatanmu, saboda makara, da yawansu a wannan rukunin ake samunsu.

Ga kuma batun dawowa. A gwajin ADAPT allura biyar ake yi, mako uku tsakani, sannan a ci gaba duk wata uku. Ko dai iyali su tare a can suna biyan haya da dala, ko a riƙa zirga-zirga da mara lafiya, ko a ce za a aiko da ita. Abin da ke bukatar tankin naitirojin ba ya jure kular ƙanƙara a hanyar Illela cikin watan Afrilu. Da ta narke ta jima, ƙwayoyin sun mutu, ruwa kawai za a tsira.

Akwai kuma wanda tun farko ba a yi allurar don shi ba. Manyan gwaje-gwajen nan a kan nau'in da ake kira mai garau ɗin ƙwaya aka yi su, wanda ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na dajin ƙodar manya. Akwai wasu nau'o'in. Ɗaya daga ciki, na tsakiyar ƙoda, ba shi da yawa amma ya shafe mu kai tsaye, don kusan duk masu kamuwa da shi matasa ne masu jinin AS, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Yana da saurin gaske, ba ya jin sunitinib, kimo mai filatinam ake ba shi. Na ƙananan yara kuwa, Wilms, wani ciwo ne daban da ake warkar da yawancin masu shi da tiyata da kimo idan an zo da wuri. Duk asibitin da ya ce a turo kuɗi kafin ya ga sakamakon gwajin nama, kasuwa yake ci.

"Maganin da kake yabo ma ai ya fi ƙarfinmu"

Wannan ita ce magana mai zafi, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Haɗin nivolumab da ipilimumab, a gwajin mutum 1,096, ya kai tsaka-tsakin rayuwar masu matsakaici da babban haɗari wajen wata 47, sunitinib kuwa wajen 26, kuma kusan ɗaya cikin goma ciwon ya ɓace a hoto. Pembrolizumab da axitinib ma sun doke sunitinib a gwajin mutum 861. Amma pembrolizumab miligiram 200 ake sa wa duk mako uku, kuma kowane zama ya haura dala 10,000 a farashin Amurka. Ba kuma lafiya lau ake sha ba. Garkuwar da aka kwance wa takunkumi tana iya afka wa hanji, hanta, huhu ko tayirod da ke maƙoshi. Kusan ɗaya cikin biyar na masu haɗin farko sun dakatar saboda illa. Wajibi ne a duba ciwon hanta nau'in B da tarin fuka kafin a fara, domin maganin kwantar da illar yana iya tayar da su, mu kuwa muna da su da yawa.

To amma in har iyali sun tara abin da zai kai su Indiya ko Masar ko Turkiyya, a kan waɗannan ya kamata kuɗin ya tafi, ba a kan abin da ya faɗi gwaji ba.

Wanda bai kai nan ba, ba a bar shi haka ba. Sunitinib ya samu lasisi tun 2006, yanzu kamfanoni da yawa na yin sa, farashinsa ya sauko sosai. A gwajin mutum 750 ya riƙe ciwon wata 11, inda tsohon maganin intaferon ya riƙe wata 5. Ana shan miligiram 50 kullum mako huɗu, a huta mako biyu. Wasu likitocin kan mayar da shi mako biyu sha, mako ɗaya hutu, idan ya yi nauyi. Yana hawar da jini, don haka a sayi na'urar awo a ajiye a gida. Yana sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su yi bororo, yana kawo gudawa da gyambon baki, yana rage aikin tayirod. Pazopanib miligiram 800 ne kullum, ba a kan abinci ba, kuma sai ana duba hanta akai-akai a watannin farko. Yakan mayar da gashi fari, kada a tsorata.

Gudawar nan ita ce abin kula a garinmu. Mutum mai ƙoda ɗaya, a zafin da ke haura digiri 40, in ya yi kwana biyu yana zawo bai sha ruwan gishiri da sukari ba, ƙodar da ta rage za ta iya tsayawa. Haka ma dikilofenak da ibufurofen da ake saye a kemis kamar gyaɗa, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Batun azumi kuma a yi shi da likita tun kafin wata ya kama. Kowane magani a duba lambar NAFDAC, a saya ta hannun kantin maganin asibiti in da hali, don jabun maganin daji sana'a ce mai riba.

Tiyata ma ba kowa take wa amfani ba. Gwajin CARMENA na Faransa, mutum 450, ya nuna a 2018 cewa masu matsakaici da babban haɗari da aka ba sunitinib kaɗai ba su gaza waɗanda aka fara cire wa ƙoda ba: wata 18.4 da 13.9. Amma mai ƙarfin jiki da abin ya ɗan taɓa huhu kawai, ko wanda jini ya ƙi tsayawa, cirewar na iya zama daidai. Wanda ya bazu wuri ɗaya tak, wani lokaci ana yanke shi a samu shekaru. Hukuncin na likitan fitsari da likitan daji ne su zauna tare, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da ɓangarorin biyu. Ciwon ƙashi yana jin gashi da hasken na'ura, wato rediyoterafi, sau da yawa zama ɗaya zuwa biyar ya isa. Majiyyacin da ya fara ruɗewa, ga ƙishirwa da taurin bayan gida, a auna masa kalsiyam kafin a ce iska ce, don ƙarin ruwa da allurar zoledironik kan dawo da shi hayyacinsa cikin 'yan kwanaki. Mofin kuma, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ba alamar an sallama mutum ba ce. Yana da arha, yana sa a yi barci, a yi salla, a ci abinci.

"Ku likitocin gida ba ku son ci gaba"

Ina so, kuma akwai alamar haske. A Fabrairun 2025 masu bincike na cibiyar Dana-Farber da ke Boston suka fitar da sakamakon wata allura da aka ƙera wa kowane majiyyaci bisa sauye-sauyen ƙwayoyin halittar dajinsa. Mutum tara, duka ba wanda ciwon ya dawo wa bayan wajen shekara uku. Kamfanonin Moderna da Merck ma suna gwada ta mRNA a ƙoda.

A lura da abu biyu. Mutum tara ne, ba a kwatanta su da kowa ba, kuma mun ga yadda ta kaya da 21 na Argos. Sannan duk an riga an cire musu dajin ƙaf, allurar gadi aka sa ta kada ya dawo. Wannan shi ne inda masana da yawa ke ganin makomar allurar take: bayan tiyata, lokacin da abin da ya rage ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, ko a haɗe da magungunan cire takunkumi. Ba a jikin da ƙari ya cika huhu da ƙashi ba, wanda kuwa shi ake tallata wa.

Gwajin gaskiya yana da alamominsa. Yana da lambar rajista da za a iya dubawa a intanet. Kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu. Akwai takardar yarda da ta faɗa ƙarara cewa ba a san ko abin zai yi aiki ba. Akwai sharuɗɗan shiga, kuma ana mayar da mutane da yawa saboda ba su cika su ba. Wurin da ke karɓar kowa, kowane irin daji, kowane mataki, in dai an biya, ba bincike yake yi ba.

Za a ce rai a hannun Allah yake, a bar mutum da kyakkyawan zatonsa. Haka ne, kuma neman magani riƙo da sababi ne. Amma wanda ke kwance ba ya iya tantance sababi daga tarko, nauyin a wuyan 'ya'yansa da ƙannensa masu karatu yake. Su ne kuma kunya ke hanawa, kada a ce sun yi wa Baba rowa. Mai unguwa da liman da ke sanar da neman taimako bayan sallar Juma'a suna da damar su ce a kawo takardar likita mai ɗauke da sunan maganin kafin a buɗe asusu. Ba tozarci ba ne, kuɗin jama'a ne.

Hukuma ma da nata. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya da daji uku ya fara: na mama, na bakin mahaifa, da na furostet. Ƙoda ba ta cikin ukun. Sa sunitinib ko pazopanib cikin abin da inshorar lafiya ke ɗauka, da sayo su a dunƙule don farashi ya faɗi, zai yi wa majiyyatanmu abin da allurar dendiritik ba ta yi wa masu dajin ƙoda ba. Dillalan da ke tallar warkar da daji a rediyo da waya kuma akwai dokar talla da ta hau kansu, aiki da ita ne ya rage.

Fitsarin jini

Duk wannan magana ta taso ne saboda a makare ake zuwa. A ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoton ciki, galibin dajin ƙoda da tsautsayi ake gano shi, ana neman wani abu daban. A nan sai ya kai ga ciwon kwiɓi da ƙullutun da hannu ke taɓawa.

A garuruwan bakin gulbin Rima, daga Goronyo da Wurno zuwa Kware da Wamakko, fitsarin jini ba baƙon abu ba ne. Kowa ya san tsargiya, yaro ya yi, babba ya taɓa yi, sai a je kemis a sayi firazikwantel. Amma akwai bambancin da ya kamata kowane mai kemis da ma'aikacin asibitin ƙauye ya sani. Jinin tsargiya galibi a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, sau da yawa da zafi. Wanda ya fito daga ƙoda yana gauraye da fitsarin daga farko har ƙarshe, sau da yawa ba zafi, wani lokaci da gudaji dogaye sirara. Yakan zo kwana biyu ya ɗauke wata uku, mutum ya ɗauka magani ne ya yi aiki.

Duk wanda ya haura shekara arba'in ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, a duba fitsarin a madubin likita a nemi ƙwan tsargiya, a kuma yi sikanin ɗin ƙoda da mafitsara ko an ga ƙwan ko ba a gani ba, don ana iya haɗa biyun, kuma tsohuwar tsargiya ita kanta tana jawo dajin mafitsara. In sikanin ya nuna ƙari, sai hoton CT na ciki da ƙirji, bayan an auna ƙarfin ƙodar. Mai shan taba, mai hawan jini, mai ƙiba, da wanda ya daɗe a kan wankin ƙoda sun fi kowa bukatar wannan.

A alƙaluman Amurka, waɗanda aka gano nasu bai fita daga ƙoda ba, sama da kashi 90 cikin ɗari suna kai shekara biyar. Waɗanda nasu ya bazu nesa ba su kai kashi 20 ba. Ƙarin da bai wuce santimita huɗu ba, sau da yawa shi kaɗai ake yankewa a bar wa mutum sauran ƙodarsa.